Shanun Malam da Tsohuwar Akori-kura

Har yau akwai tambayar da na kasa ba kaina amsa. Shin Malam ya ji a jikinsa cewa kwanansa ya kusa ƙarewa ne ya sa ya yi gaggawar nan, ko kuwa Allah ne kawai ya jefa mashi ita a zuciya saboda ni? Na tambayi kaina a kan sallaya, na tambaya a bakin murhu, ban samu ba. Wanda zai gaya mani yana kwance a maƙabartar bayan gari.

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Ɗiyar ƙanwata ce ke rubutawa a wayarta, ni ina faɗa. Ta ce mutane da yawa za su karanta. Na ce to su karanta, in sun ji kuka a ciki, nawa ne, ba ita ta ƙara ba.

Shekarun baya ke nan, muna zaune a ɗan ƙauyenmu ta wajen Tamawa, a ƙasar Kurfi, inda nake har yanzu. 'Ya'yanmu mata duk sun yi aure, mafi kusa tana Makera. Mazan kuwa ɗaya bayan ɗaya suka tafi kudu neman abinci, sai dai murya a waya da saƙo lokacin salla. Saura Auta. Ina ce mashi Auta ne kawai, amma a lokacin har gemu ya ajiye. Ya yi shekaru a garejin wani bakanike a Dutsin-Ma, ya iya tuƙi, ya iya kwance da ɗaurawa, amma ba shi da motar da zai ja. Yau a ba shi ta wani ya yi lodi ɗaya, gobe mai ita ya karɓe. Sai wani abokinsa ya fara kiransa daga Legas, wai akwai babbar mota tana jiran direba. Wata rana da yamma Auta ya durƙusa gabanmu ya ce in kaka ta yi zai tafi.

Na tashi na shiga ɗaki kamar zan ɗauko wani abu, na zauna bakin gado na yi ta kuka. Na san tafiyar. Sau uku na gan ta, ba wanda ya dawo da zama.

Malam mutum ne marar yawan magana. Abin da ya fi so a duniya bayan iyalinsa shi ne shanun huɗarsa guda biyu, fari da ja, waɗanda ya raina tun suna maruƙa. Ko da aka fara tsoron ɓarayin shanu a yankinmu, mutane na ta sayar da nasu, shi ya ƙi. Shi ya sa ranar da ya ce mani, "Zan sayar da shanu," sai da na ajiye ludayin da ke hannuna.

Na ce, "Malam, lafiya? Yanzu da aka gama huɗa sun rame? Ka bari kaka ta yi mana, su yi kumari."

Ya ce, "Mota zan sai wa yaron nan. Akori-kura, irin wadda ƙafafunta huɗu duka ke ja. Kuma yanzu zan saya, da marka."

Sai na gane inda ya dosa. Tsakaninmu da titin kwalta akwai mashigi, wani rafi ne mai yashi. Da rani ko keke wucewa yake. Da damina kuwa motoci a bakinsa suke tsayawa, a sauke kaya, a ɗauka da ka ko a amalanke. Taki, hatsi, marar lafiya, mai naƙuda, duk haka. Wanda ke da motar da ke ƙetare mashigin nan ba zai rasa aiki ba, kuma ba sai ya bar gida ba.

Na ce, "To ai kowa da kaka yake sayen mota."

Ya ce, "Da kaka kowace mota lafiyayya ce, hanya ta bushe. Ni ban taɓa sayen sa ban kai shi gonata na ɗaura mashi garma ƙasa na jiƙe ba. Motar ma haka zan yi mata."

Taubashinsa ne ya sayi shanun, ɗan ƙanwar mahaifinsa, wanda tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ranar da ya zo jan shanun, Malam bai fito ba, ya ce kansa ke ciwo. Ni ma na sayar da tumakina na haɗa mashi da ɗan abin da na tara na ƙuli-ƙuli. Duk da haka an ce mana kuɗin ba za su kai ga sabuwar shigowa ba, sai dai ta hannu, wadda ta sha aiki a nan gida.

Ranar kasuwar Dutsin-Ma Malam ya ce in shirya. Na ce ni? Ina ni ina wurin dillalan mota? Ya ce, "Da tumakinki a ciki, sai kin gani da idonki." Matan gidanmu suka yi ta dariya, wai tsohuwa za ta je duba inji. Auta kuwa ya fito cikin farar shaddarsa ta salla, da hula sabon guga, don kada dillalai su raina shi. Ku riƙe maganar shaddar nan, ita ta kusa kai mu ƙasa.

Dillalin da muka samu mutum ne mai bakin zuma. Yana ganina ya ce, "Hajiya, sannu da zuwa! A kawo wa Hajiya benci!" Ni da ko filin jirgi ban taɓa gani ba. Na zauna gindin darbejiya ina kallo. Malam ya yi ta zagaya motocin yana dukan taya da ƙafa, yana shafa gefensu kamar mai neman ƙashin haƙarƙari. Aka buɗe mashi gaban wata, ya leƙa ya daɗe, ni na san ba abin da ya gane.

Ya ce wa dillali, "Wagga ta cika ci?"

Dillali ya ce, "Baba, ɗan kurɓa take yi kamar amarya a gidan miji."

Akwai wata fara a ƙarshen layi, fentinta na ɗaukar ido, kujerunta ba ko yaga. Wallahi ni ma ita ta shiga raina, kuma ba don komai ba sai don madubinta, na ga fuskata a ciki tsaf. Auta ya tayar da ita, ya kasa kunne, ya zagaya baya ya duba hayaƙi, ya ja sandar mai ya murza a yatsa. Ya ce lafiya lau. Dillali ya ce, "Fowil ce, Alhaji ƙarami, ƙafa huɗu duka ke ja. Ko dutsen garin nan ka ce ta hau, za ta hau." Ƙasan wurin duk caɓi ne, an yi ruwa da safe. Na ga Auta ya sunkuya zai leƙa ƙarƙashinta, ya dubi shaddarsa, ya miƙe.

Kuɗinta zai cinye duk abin da muka zo da shi, ko na goro ba zai rage ba. Malam ya ce, "Na ji. Amma ba a nan za a yi ciniki ba. A ƙofar gidana za a yi. Ni zan zuba mai. In ta kai ni, na saya."

Dillali ya yi dariya, ya ce bai taɓa jin haka ba. Malam ya ce shi kuma bai taɓa saye ba haka ba. Da ya ga da gaske tsoho zai juya, sai ya yarda, ya ce zai bi mu. Malam bai tsaya nan ba, ya ce ba a gwaji da wofi. Ya shiga kasuwa ya tattaro mutanen ƙauyenmu masu komawa gida, da buhunan takinsu da kajinsu, aka cika bayan mota. Ni aka sa ni gaba, tsakanin Auta da dillali. Tun daga Dutsin-Ma har muka wuce Kurfi ban bar salati ba, hannuna ɗaya a ƙirji, ɗaya riƙe da rigar bawan Allah nan, har sai da ya ce, "Hajiya, ki bar mani hannun riga in koma da shi gida."

Muka iso mashigi, ruwa bai kai gwiwa ba. Auta ya ja ƙaramar giya, ya yi bisimilla, ya shiga. Muna kaiwa tsakiya mota ta tsaya. Ya taka, ta yi kuka, ƙafafun baya na ta juyawa suna watsa wa mutane yashi, na gaba kuwa ko motsi. Kan a ce wani abu ta nutse har ciki. Auta ya sauka cikin ruwa da shaddar tasa, ya kwanta, ya shige ƙarƙashi. Da ya fito ban gane shi ba don laka. Ya ce a hankali, "Baba, ba farfelar gaba. An cire ta." Daga baya ya yi mani bayani, wai wani ƙarfe ne da ke kai ƙarfin inji ga ƙafafun gaba, in ya lalace wasu sai su cire su jefar, mota ta ci gaba da tafiya da na baya kawai. A kan kwalta ba mai ganewa.

Dillali ya yi ta rantsuwa bai sani ba, shi ma haka aka kawo mashi. Allah ne masani, ni ban riƙe shi a zuciya ba.

Aka tura, aka haƙa, aka sa itace, ta ƙi. Ƙarshe sai da aka aika a kira taubashin Malam. Sai ga shi tafe da fari da ja, yana tafiya yana rangaji kamar ango. Tun daga nesa yake ɗaga murya.

"Ina mai motar? A ce mashi ga tsofaffin ma'aikatansa sun zo gaisuwa! Kai, ka sayar da masu ja, ka ɗauko wadda ake ja!"

Duk bakin rafi aka fashe da dariya. Malam ma ya yi murmushi, ya ce, "Ɗaura igiya, bawana, ka bar surutu." Amma da farin san ya matso ya sa hanci a tafin hannunsa, na ga ya kau da kai. Shanun suka fizge ta sau ɗaya ta fito. Malam ya ba dillali goro, ya ce ya gaida gida. Ba faɗa, ba zagi.

Auta ne abin ya ci. Shi ya zaɓa, shi ne bakanike, kuma gaban duk gari. Ya daina fita majalisa. Na shiga ɗakinsa in ɗauko kwano na tarar ya haɗa jaka. Ya ce, "Inna, ba zan jira kaka ba. Na sa Baba ya rabu da shanunsa a banza, ba zan iya kallon mutane ba." Na ga shanu sun tafi, mota babu, ga ɗan ma zai bi.

Da safe bayan an sha koko Malam ya kira shi zaure. Ni kuma na laɓe bayan ƙofa, ba zan ɓoye maku ba. Na ji ya ajiye ƙullin kuɗin nan gabansa.

Ya ce, "Ɗauki. Wannan karon ba zan bi ka ba. Ni gwajin sa na sani, kai ka san ƙarfe. Ka je ka nema. In ka samu wadda za ta ƙetare, ka kawo ta. In ba ka samu ba, ga kuɗin mota zuwa Legas, ga jari. Na yafe maka duniya da lahira."

Yaro na fita na faɗa zauren, na manta da kunya. Na ce, "Malam, mi ka yi haka? Mutum ya haɗa jaka, kai kuma ka ba shi guzuri?"

Ya ce, "In na riƙe shi da kunyata, jikinsa zai zauna, ransa na can. Ban son ki zauna da irin wannan a gida. Ki yi mashi addu'a kawai."

Auta ya tafi da tsofaffin kayansa na gareji a jiki, amma da jakar a kafaɗa. Kwanakin da suka biyo baya ban san ɗanɗanon abinci ba. Wayarsa in an kira ba ta shiga. Maƙwabta suka fara yi mani irin kallon da ake yi wa wadda aka yi wa rasuwa. Malam kuwa kullum da la'asar sai ya ɗauki sandarsa ya ce zai duba gero, alhali gonar gero na gabas, shi kuma hanyar mashigi yake bi.

Ranar da abin ya faru an yi ruwa mai yawa tun hantsi. Bayan azahar ina tankaɗe sai na ji mata na kirana ta kan katanga, wai in fito, ga wata aba a bakin rafi. Na fita ko mayafi ban gyara ba. Da na hango ta sai gabana ya faɗi. Ban taɓa ganin mota mai muni irinta ba. Ba a gane kalarta, ƙofa ɗaya shuɗiya, ɗaya ruwan ƙasa, gefenta a lotse, an ɗaure murfin gaba da waya. An kuma danƙara mata buhuna har sama. Amma wanda ya sauko daga wurin direba ɗana ne.

Ruwan ya fi na rannan. Mutane suka taru, har da taubashin Malam, wanda ya riga ya kawo fari da ja da igiya, wai don kada a wahalar da shi da aike. Auta bai kalli kowa ba. Ya naɗe wando ya shiga ruwan da ƙafa, ya taka ko'ina ya ji inda yashi ke da ƙarfi. Ya dawo ya tsuguna wajen ƙafafun gaba, ya murɗa wani abu a kowace. Ya shiga, ya tayar. Ba gudu, ba hayaniya, ta sa kai cikin ruwa a hankali kamar tsohuwar saniya da ta san hanya. A tsakiya ta ɗan yi jim, na rufe ido. Da na buɗe sai na ga ƙafafun gaba na haƙa, na baya na turawa, ta hau gaɓarmu ruwa na zuba daga jikinta.

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, ni da na manta rabona da guɗa. Taubashi ya dubi shanun ya ce, "To, ku mu koma gida, yau ba mu da kasuwa." Malam kuwa ya zauna a kan wani dutse ya daɗe yana goge fuska da hularsa.

Mai motar na ciki, wani dattijo ne daga Kutawa da ya yi shekaru yana jigilar albasa da ita, idonsa ya fara rauni, 'ya'yansa suka hana shi tuƙi. Har yau in rana ta buga ta warin albasa take. A zaurenmu aka zauna. Dattijon ya juya wajen Malam zai fara magana, Malam ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Ba ni ne mai saye ba, Alhaji. Ga mai saye nan."

A wurinmu ɗa ba ya tayi gaban mahaifinsa. Auta ya dubi ƙasa, ya taya. Dattijo ya ce albarka. Auta ya ƙara kaɗan, ya lissafa mashi tayoyin da suka suɗe da birkin da ke son gyara. Dattijo ya yi dariya ya ce, "Wannan ɗan naka ya kwana ƙarƙashinta, ya fi ni saninta. Na sallama. Allah ya sa albarka." Aka shafa fatiha. Abin da ya rage ya isa sayen taya da gyaran birki.

Da na ce mashi, "Auta, duk motocin duniya ka rasa sai wannan?" sai ya ce, "Inna, fenti ba ya ja." Ya gaya mani ya kwana a garin dattijon don ya ga yadda take tashi da sanyin safiya kafin kowa ya taɓa ta. Ya bi ƙashin bayanta da hannu yana neman tsatsa da walda. Ya tambayi masu lodi a tasha halinta, ya kai takardunta ofis aka tabbatar ba ta sata ba ce. Sai bayan shekaru ya gaya mani sauran: ranar da ya bar gida tashar motocin kudu ya fara zuwa, ya zauna a kan benci da kuɗin a cinyarsa har motar ta cika ta tashi.

Tun daga wannan damina bai rasa aiki ba. Ya yi aure, ga 'ya'yansa nan suna hana ni barcin rana. Motar na nan, ta ƙara muni, tana kuma ƙetarewa.

In na zauna ina tunani, godiya ce ta fi yawa. Na gode wa Allah da ya ba ni miji wanda ya rabu da abin da ya fi so ba tare da ya taɓa yi mani gori ba. Na gode wa dattijon Kutawa, Allah ya jiƙansa, da taubashi mai baƙin baki wanda har ya rasu bai daina ba da labarin farar mota ba. Har dillalin ina sa shi a addu'a, don da motarsa ba ta nutse ba, da mun ba da komai mun ɗauko kwalliya. Ni da a son raina ne, da na ɓoye jakar yaron, na yi mashi kuka har ya zauna dole. Malam ya buɗe mashi ƙofa, ya bar shi ya dawo da ƙafarsa. Wannan ban iya ba, har yanzu ban tabbata zan iya ba. Amma kewa ba ta san godiya ba. Akwai yammacin da in na ji kukan injin daga mashigi sai hawaye su zo, don wanda ya kamata ya ji shi tare da ni ba ya nan.

Damina ɗaya kawai Malam ya ƙara gani. Ciwon ciki ne ya kwantar da shi, ashe ya daɗe yana cin sa bai faɗa ba. Da abin ya yi tsanani aka ce a kai shi asibiti Katsina. Da hantsi ne, an kwana ana ruwa, rafi ya cika. Aka kwantar da shi a kujerar gaba, ƙanensa ya riƙe shi, Auta na tuƙi. Na ɗauko mayafi zan hau baya, aka ce in bari sai gobe a zo a ɗauke ni, gwiwata ba za ta jure ba. Goben ba ta same shi ba. Kafin magariba ya cika, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta.

Har an tayar da mota ya sa aka sauke gilashi, ya yafito ni da yatsa. Na matsa na sa kunnena, don muryar ta yi ƙasa. Na ɗauka wasiyya zai yi, ko ya ce in yafe mashi. Sai ya dubi Auta, ya dube ni.

Ya ce, "Koma ciki, kar ruwa ya taɓa ki. Ki rufe wa yaron nan tuwonsa, a gida zai kwana."